Ɗan damben da na ba da a zana mini: inuwa ta yi kyau, hannu ya rikiɗe

Watanni uku da suka wuce na ba wani matashi mai zanen fiksel, wato zanen kwamfuta da ake ginawa ɗigo-ɗigo, aikin zana mini ɗan dambe guda, wanda zai zama jarumi na farko a ƙaramin wasan faɗa da nake haɗawa don waya. Sharuɗɗana ba su da yawa: tsayinsa kada ya wuce ɗigo 96, launuka 16 kacal, hannun dama a naɗe da tsumma da igiya yana baya, na hagu a miƙe gaba yana kare jiki, kamar yadda ake tsayuwa a fage.

Fargabata duka a kan fata take. Na sha ganin masu zane suna ɗaukar launin ƙasa-ƙasa guda, su zagaye gefuna da duhu, su bar haske a tsakiya, har mutum ya fito kamar matashin kai da aka cusa wa auduga, ko kuma su ƙara toka a inuwa har baƙar fata ta zama kamar an shafa mata ƙurar hunturu. Wannan yaro bai yi haka ba. Ya tsayar da hasken daga sama ta hagu, ya raba fatar zuwa launi huɗu, ya karkatar da inuwar ƙarƙashin haɓa da hammata zuwa shunayya, hasken kafaɗa kuma zuwa ruwan zuma. Da na zuƙo hoton sai na ga ɗigo biyu farare a kan ƙwanjin hannu, da na mayar da shi girmansa na ainihi sai suka zama gumi yana ƙyalli. Wallahi na daɗe ina kallonsa, kuma a daren na tura masa ragowar kuɗinsa ba tare da na jira sauran hotunan motsi ba.

Sai ranar da na ɗora shi a cikin wasan matsala ta bayyana. A irin waɗannan wasanni, idan ɗan wasa ya tsallake abokin karawarsa, na'ura tana juya hotonsa kamar a madubi, abin da ya sa facin idon jarumin nan Sagat ke sauya gefe a wasan faɗa na Street Fighter II na 1991. Wancan ado ne, ana iya kawar da kai. A dambe kuwa hannun da aka naɗe shi ne makami, kuma duk mai zuwa kallo ya san bahago daban yake da mai dukan dama, domin tsayuwarsa da yadda ake tunkararsa sun bambanta. Ɗan dambena yana juyawa sai ya koma bahago, hasken da na yaba ma ya koma yana zuwa daga dama, alhali ranar da ke bayan fage tana nan a hagu.

Na yi wa mai zanen magana, ya ce kowa haka yake yi, kuma idan ina son ɓangaren hagu na daban sai na sake biyan kusan rabin kuɗin aikin, tunda hotuna 42 ne zai sake bi ɗaya bayan ɗaya. Ban ƙi hujjarsa ba, aiki ne mai cin ido. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ya san wannan tun farko bai faɗa mini ba, ga shi ya ƙi ba ni ainihin fayil ɗin Aseprite, manhajar da ya yi zanen da ita, mai shimfiɗun zane a rarrabe, sai hoton PNG guda da ya jera komai a ciki, wanda gyaran hannu a kansa kamar warware saƙa ne. Tunawa da mako biyu da ya yi bai amsa saƙona ba ya ƙara mini takaici.

Yanzu ina gyara hannun da kaina, na gama hotuna 11, kuma har yau shunayyar da nake sa wa hammata ba ta kai tasa zama a jiki ba.