Kifinsu ya yi, furarsu ta yi, amma haɗin ne ya ɓata su

Sau uku ke nan ina zuwa wani sabon gidan abinci da aka buɗe mana a nan Birnin Kebbi, kuma sai da na yi zuwa na ukun na yarda in rubuta wani abu a kansa, don kada in zalunci mutanen da suke girki tsakani da Allah. Abin da suka fi tallatawa shi ne wanda suke kira haɗi: ka biya kuɗi ɗaya, a kawo maka abinci tare da abin shan da su suka zaɓa maka. Ya fi araha a kan ka sayi kowanne daban, shi ya sa kusan kowane teburi shi ake ci. To, a nan matsalata da su take.

Zuwan farko da Kawuna na je. Ya shigo daga Argungu ganin likitan ido, muka fito da azahar cikin zafin nan na watan Afrilu da ke haura digiri 40, na ce ba zai koma da yunwa ba. Kawu masunci ne tun yana yaro, ya sha shiga kogin Matan Fada da gora da homa a lokacin bikin kamun kifi, saboda haka ba a yi masa wayo a kan kifi. Aka kawo gasasshiyar ƙarfasa, an tsattsaga bayanta an cusa yaji da albasa da tafarnuwa, fatar ta yi ƙus-ƙus, cikin kuma fari tas yana tururi. Ya ɓantari gefen ciki, ya tauna a hankali, ya ce, "Wanga kihi na yau ne, bai kwana ba." Daga bakinsa wannan babban yabo ne.

Abin shan da ke cikin haɗin kuwa fura ce da yogot, mai sanyi ƙarara, an zuba mata sukari. Ita ma furar ba ta da aibu ko kaɗan. Geron ya daku, ana jin citta da kanumfari da ɗan masoro, ba ta da tsakuwa. Amma da na ci kifin na kora da ita, sai ƙarnin da wuta da yaji suka kwantar ya taso gaba ɗaya. Zaƙin sukarin da maiƙon yogot ɗin suka riƙe shi a kan harshe, ya ƙi wucewa. Loma ta gaba ba na jin yaji, ba na jin gero, sai wani abu mai kama da warin kwandon masu kifi da yamma. Kawu ko taɓa kofinsa bai yi ba. Ya tura shi gefe ya ce wa yaron da ke kawo abinci, "Ɗana, ɗebo min ruwa da lemun tsami. Hura ba ta da laihi, amma a bari sai an jima."

Na san abin da wasu za su ce, cewa dama iyayenmu sun hana haɗa kifi da nono saboda yana kawo kuturta. Ba ya kawowa. Ƙwayar cuta ce ke haddasa kuturta, wani likita ɗan ƙasar Norway mai suna Hansen ya gano ta tun 1873, kuma tana da magani. Sai dai ina ganin tsofaffin nan harshensu ya gaya musu gaskiya ko da dalilin da suka bayar bai tsaya ba. Abu biyun ba sa zama baki ɗaya. Lemun tsamin da Kawu ya nema shi ne abokin kifi, don tsaminsa yana kashe ƙarni.

Zuwa na biyu shi ya fi ba ni haushi, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Na tafi in sayo wa iyali abin sha, aka nuna min wani da suke ji da shi: yogot da ɗanyar abarba, an markaɗa su tare an ɗura a robobi an jera a firji. Launinsa kamar na man shanu, ƙanshinsa tun daga murfi. Na sayi huɗu. Da muka buɗe a gida bayan magariba, 'yata ta kurɓa ta yamutsa fuska, ta ce, "Baba, akwai magani a ciki." Na karɓa na ɗanɗana. Da farko zaƙi, sannan wani ɗaci ya biyo baya a can maƙogwaro, irin na ƙwayar zazzaɓi idan ta narke a baki kafin a haɗiye. Ruwa-ruwa ya taso sama, kaurin ya tsinke. Mai ɗakina ta ce lalacewa ya yi, wataƙila wuta ta ɗauke musu firjin ya huce.

Ba lalacewa ba ce, kuma wannan ya kamata duk mai sayar da irin wannan abin sha ya sani. Ɗanyar abarba tana ɗauke da wani sinadari da ake kira buromelin, aikinsa farfasa furotin. Shi ne yake sa harshe ya yi maka zafi-zafi idan ka sha abarba da yawa, kuma saboda shi ake sa ta a nama mai tauri don ya yi laushi, kamar yadda ake yi da ɗanyar gwanda. Idan ya haɗu da madara ko yogot sai ya kama furotin ɗin da ke ciki yana yayyankawa, gutsattsarin da ke fitowa kuwa masu ɗaci ne. Abin yana buƙatar lokaci. Wanda aka markaɗa masa yanzu ya shanye a tsaye ba zai ji komai ba sai daɗi, kuma na tabbata haka masu gidan suka ɗanɗana suka ce ya yi. Amma robar da aka haɗa da safe ta wuni a firji, aka kai ta gida da dare, ta riga ta zama wani abu dabam. Sanyi yana rage wa sinadarin sauri ne kawai, ba ya tsayar da shi. Zafi ne ke kashe shi. Shi ya sa abarbar gwangwani ba ta yin haka. Da za su ɗan dafa abarbar ta huce kafin su haɗa, ko su riƙa markaɗawa a gaban mai saye, da magana ta ƙare.

Robobi uku muka zubar. Ba kuɗin ne ya fi damuna ba, ganin nono da abarba masu kyau sun tafi kwata ne.

Akwai kuma zoɓo da madara a jerin nasu. Ban saya ba, na gani a hannun wani ne: tsamin zoɓon ya tsinka madarar ta yi guda-guda tana yawo a kofi. Wannan ko a ido ya isa.

A zuwa na uku na gwada haɗin balangu, wanda ke zuwa da lemon kwalba mai ƙanƙara. Naman rago ne mai kyau, ya gasu, ƙuli-ƙulin yajin sabo ne. Kurɓa ɗaya na yi kitsen ya daskare min a ganɗa kamar an shafa kyandir. Kitsen rago ba ya narkewa sosai sai da zafin da ya ɗara na jikin mutum, to ina ga an bi shi da ƙanƙara. Ga kuma barkono, wanda ruwa ba ya wanke zafinsa, gas ɗin lemon ma ƙara hura shi yake yi. Ba banza ba kusan duk inda ka ga mai tsire a garin nan za ka ga mai shayi kusa da shi. Ruwan zafi ke tafiyar da maiƙo. Abin mamakin, furar nan da suka liƙa wa kifi, da bayan balangun suka ba da ita, ba mai sanyi sosai ba, da ta fi dacewa, domin nono yana kwantar da zafin barkono.

Ranar na nemi ganin mai gidan. Hajiya ce mai fara'a, ta fito daga kicin hannunta da danshi, ta tsaya ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Ta ce, "Malam, wallahi ba ka ne na farko da ya yi maganar ɗacin nan ba, mun ɗauka yogot ɗin ne, har mun canza mai kawo mana." Na ji tausayin wanda aka canza ɗin, don ba laifinsa ba ne. Na yi mata bayanin abarbar, ta sa yaro ya rubuta a takarda, ta kuma ce a mayar min da kuɗin robobin. Ban karɓa ba, amma na ji daɗin tayin. Game da kifi da fura ta ce samari na so, kuma shi ya fi fita. Ban yi mata musu ba, ita ta san cinikinta, sai dai na roƙe ta ta bar mutum ya zaɓi abin shansa a cikin kuɗin haɗin.

Wurin yana da tsabta, akwai wajen wanke hannu da sabulu, akwai ɓangaren iyali da labule, kuma ba a daɗe ana jira sai kifi, wanda ke ɗaukar kusan rabin awa tunda sai ka zaɓa ake ɗorawa a wuta. Zan koma, kuma zan kai baƙi. Wanda zai je, ya sayi ƙarfasar ita kaɗai, ya nemi lemun tsami da ruwa, ya sa a ƙulla masa furar ya tafi da ita gida ya sha bayan la'asar. Yogot mai abarba kuwa kada ya ɗauki na cikin firji, ya ce a markaɗa masa sabo a gabansa, ya shanye kafin ya tashi.