Garin Kunun Gida, Na Gwangwani Ko Na 'Yan Intanet: Wanne Za Ki Ba Yaranki?

Ranar Asabar da ta wuce, wajen la'asar, ƙanwar maigidana ta kira ni daga cikin wani kanti a Kasuwar Singa. Jaririnta ya shiga wata na bakwai, babban kuma ya fara firamare. Ta ce, "Anti, ga su nan birjik, na gwangwani, na kwali, na leda, kowanne da hoton yaro mai kumatu. Wanne zan ɗauka?" Na ce ta ajiye musu kayansu, ta tari adaidaita ta zo gida. Abin da na faɗa mata a tsakar gida shi zan maimaita a nan, don na san ba ita kaɗai ke tsayawa a kanti tana jujjuya gwangwani ba.

Tun farko in faɗi gaskiya, ina da gwani. Gwanina shi ne garin kunun da uwa ta haɗa da hannunta daga gero, waken suya da gyaɗa, wanda ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown. Yarana uku a kansa suka tashi, har yau shi ne karin kumallonsu kwana huɗu ko biyar a mako.

Dalilin da ya sa na ɗauki maganar da zafi shi ne abin da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna: kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma abin ya kai kashi 57. Mu ne masu noma gero da gyaɗa da wake, mu ne masu kasuwar hatsi ta Dawanau, amma 'ya'yanmu ne kan gaba a tsumburewa. Talauci na ciki, ba a musu. Sai dai akwai kuma gidajen da ba su rasa ba, amma abin da ake ɗura wa yaro daga yaye shi ne koko tsararo, ruwa da ɗan gasara da sukari. Cikin yaro ƙarami ne. Idan kika cika shi da ruwa, ya ƙoshi amma bai ci komai ba.

Ga yadda nake haɗa nawa. Gwangwani shida na hatsi, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Hatsin yawanci gero ne zalla, wani lokaci in raba shi da dawa ko masara. Wannan awo ba ƙirƙirata ba ce, da shi ƙungiyoyin agaji ke koya wa mata a Arewa maso Gabas. 'Yan uwanmu na Nijar kuma sun san garin Misola, wanda aka faro a Fada N'Gourma ta Burkina Faso a 1982: gero kashi 60, waken suya 20, gyaɗa 10, sauran sukari da ɗan gishiri. Hikimar duk ɗaya ce. Gero na ba da ƙarfi, amma sinadarin gina jiki a cikinsa wajen kashi 11 ne kawai, kuma bai cika ba. Waken suya na da fiye da kashi 35, gyaɗa wajen 25, ga mai. Abin da hatsi ya rasa, wake ya cike.

Geron nan a wanke shi, a rege tsakuwa, a shanya ya bushe ƙayau, sannan a ɗan soya shi a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi. Ni ba na yarda a surfa shi sosai, don da yawan amfaninsa na tafiya cikin dusa. Waken suya shi ne mai wahala, kuma a nan masu gaggawa ke yin ha'inci. Sai an jiƙa shi ya kwana, a murje ɓawon ya taso saman ruwa a tsiyaye, a tafasa shi kamar rabin awa, a shanya kwana biyu ko uku, kafin a soya. Ɗanyen waken suya na da wani sinadari da ke hana ciki narkar da abinci, zafin wuta ne ke kashe shi. Duk uwar da ta ce miki kunun waken suya na kumbura wa ɗanta ciki, ki tambaye ta ko an tafasa waken. Gyaɗa kuwa a faranti nake baza ta in tsince ɗaya bayan ɗaya, zan zo kan dalili.

Wajen niƙa, ki tsaya a kai. Kada ki aiki yaro. Ki sa mai inji ya fara wuce ɗan gero ki zubar, saboda barkono ko markaɗen da aka niƙa kafin naki. Garin zai fito da zafi, ki baza shi a tire ya huce kafin ki tankaɗe ki rufe a roba, in ba haka ba zai yi gumi ya lalace. Kuma kada ki yi na wata uku. Man gyaɗar da ke ciki na sa shi maƙaƙi idan ya daɗe, ni na mako biyu zuwa uku nake yi.

Damawa: a kwaɓa da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a bar shi ya dahu kamar minti goma ana juyawa. Kaurin da ake so shi ne wanda idan kika karkata cokali ba zai tsiyaye ba. Wata dabara da na koya wurin kakata, daga baya na ji malaman abinci na faɗinta: idan kunun ya yi wa jariri kauri, kada ki ƙara ruwa. Ki barbaɗa ɗan garin tsiro, irin na kunun zaƙi, yayin da yake da ɗumi. Nan da nan zai saki ba tare da an tsinka shi ba, sai ki sake ɗora shi ya tafasa. Jariri ɗan wata shida zuwa takwas sau biyu ko uku a rana, daga wata tara sau uku ko huɗu, nono kuma na nan har shekara biyu. Kafin wata shida babu kunu, babu ruwa, nono kawai. Zuma kuma ba a ba yaron da bai cika shekara ba. Ni da dabino nake zaƙaƙa nawa.

Yana da aibi, ba zan rufe ba. Aiki ne na kusan kwana huɗu. Sannan ba a ƙara masa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini kamar yadda kamfanoni ke yi ba, don haka dole a bi shi da ƙwai, ɗan hanta, dakakken busasshen kifi ko garin zogale, a kuma ba yaro lemo, gwaiba ko mangwaro, don su ke taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen.

Sauran fa? Na gwangwani na manyan kamfanoni yana da tsafta, an ƙara masa bitamin da ƙarfe, ya dace da tafiya ko ranar da uwa ba ta da lafiya. Matsalarsa tsada, wadda ke sa mata su riƙa tsinka shi don ya kai ƙarshen wata, sai kuma sukari. A watan Afrilun 2024 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahoto cewa Cerelac ɗin da ake sayarwa a ƙasashe irin namu ana ƙara masa sukari, a Najeriya har giram 6.8 a damu ɗaya, alhali irinsa na Jamus da Ingila babu. Ƙaramin cokali na sukari giram huɗu ne, sai ki lissafa. Hatsin kwali da ake zuba wa madara, kafin tara ta yi yaro ya fara hamma a aji. Indomi gishiri ne da fulawa, in ba ƙwai da ganye a ciki ban kira shi abinci ba. Shayi da burodi ya fi kowanne ba ni haushi, don ganyen shayi na hana jiki ɗaukar ƙarfe, ga yaranmu da ƙarancin jini. Koko da ƙosai kuwa ina girmama shi ga 'yan makaranta, muddin kokon na da kauri kuma man suyar ba baƙi ba ne.

Saura na 'yan intanet, wanda shi ya ƙone ni.

Lokacin da na haifi autana, ina jego, ba ni da ƙarfin tsintar wake. 'Yata ta tsakiya na da shekara biyu. Na ga wata na tallar garin kunu a WhatsApp, roba mai kyau, takarda mai launi, an jera sunayen kayan haɗi har goma sha biyu. Robar farko lafiya lau. Ta biyu na ji zaƙi ya yi yawa, da ƙamshin filebo mai ƙarfi, a can ƙarshen maƙogwaro kuma ɗan ɗaci. Na ce ƙila bakina ne na mai jego. Kwana biyu yarinyar ta fara gudawa da amai, sai da muka kwana uku a asibiti ana ƙarin ruwa. Da muka dawo, surukata ta ce, "Kawo min garin nan in gani." Ta zuba a tafin hannu, ta murza da yatsa, ta sansana, ta ɗanɗana, ta tofar. Ta ce, "'Yar nan, ruɓaɓɓiyar gyaɗa ce, kuma an cika shi da garin rogo. Zaƙin nan rufa-rufa ne." Na kira matar, ta ce ita ba a taɓa kawo mata ƙorafi ba. Washegari ta toshe lambata.

Tun daga ranar, kafin in duba farashi ko sunan kamfani, hancina nake fara sawa. Ba duk masu sayarwa ne macuta ba, akwai mata masu tsoron Allah da ke wannan sana'a. Amma ki sayi wurin wadda za ki iya shiga gidanta ki ga inda take shanya. Ki ce ta ba ki marar sukari marar filebo, in ta ƙi ki bar mata. Garin kirki launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, ƙamshinsa na soyayyar gyaɗa, idan kika dunƙula a hannu yana ɗan kamawa saboda mai. Wanda ya yi fari fat, yana santsi kamar hoda, an yi masa algus.

Gyaɗar nan ita ce babban abin tsorona. Gyaɗa da masarar da suka sha danshi a ajiya suna yin funfuna, funfunar kuma na fitar da guba mai suna afulatoksin. Ba ta mutuwa da suya, ba ta mutuwa da tafasa. A hankali take cin hanta, tana cikin abubuwan da ke kawo sankarar hanta, kuma ana danganta ta da tsumburewar yara. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu saboda cin masara mai wannan guba. Mai neman riba ya san gyaɗar da ta motse ko ta yi baƙi ta fi araha, kuma da zarar an niƙa ba mai ganewa. Shi ya sa nake tsinta da idona. Duk ƙwayar da ta yamutse, ta canza launi, ko ƙwaro ya huda, bola za ta, ko kaji ba na ba.

Ki kuma guji duk mai yi miki alkawarin yaro zai yi ɓul-ɓul cikin mako guda. Abinci ba ya haka. Abin da ke kumbura fuska cikin 'yan kwanaki magani ne, irin waɗanda likita kaɗai ke rubutawa, kuma suna raunana garkuwar jiki. Madarar awo da ake sayarwa a buɗe cikin leda, sau da yawa an cire man nonon an sa man itatuwa, wata ma garin sa wa shayi fari ce kawai, ba abincin jariri ba. A Sin a 2008 madarar da aka gurɓata da wani sinadari mai suna melamin ta sa wa jarirai kusan 300,000 rashin lafiya, shida suka rasu, don haka madara ba abin saya da ka ba ce. Abincin tamowa na 'yar leda, mai giram 92, da kike gani a kan tiren masu talla, magani ne da ake bayarwa kyauta a asibiti don yaran da yunwa ta kassara. Duk ledar da kika saya, daga bakin wani marar lafiya aka fizge ta. Wake kuma ki sansana buhun, in kin ji warin fiya-fiya ki wuce. Saboda irin wannan maganin ƙwari Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

In na gwangwanin za ki saya, ki juya ƙasansa. Akwai masu goge ranar lalacewa su buga sabuwa, za ki ga wurin ya dusashe ko lambobin sun karkace. Wanda ya lotsa, ya yi tsatsa ko ya kumbura, ki ajiye. Ki nemi lambar NAFDAC, amma ki sani masu jabu ma suna bugawa, don haka ki riƙe kanti ɗaya da kika yarda da shi. Man girki, sukari da fulawa kuma ki duba alamar ido a jiki, ita ke nuna an sa bitamin A.

Abu ɗaya da na lura da shi a gidana, kunun ba ya shiga sai yaro ya gaji da wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, 'yan ƙasa da biyar da suka fara tafiya kuma awa uku a warwatse cikin yini. Da babansu ya ce zai saya wa babban waya don ya ci jarrabawa, na roƙe shi ya mayar da kuɗin keke, ko na hannu ne. Sauran ba su bukatar ko kwabo: igiyar tsalle, 'yar gala-gala da gawayi a siminti, langa, ƙwallo bayan la'asar. Islamiyyarsu tafiyar minti goma sha biyar ce, na hana a ɗauke su a babur, tare muke takawa.

Ƙanwar maigidan nawa ta koma da rabin robar garina. Ranar Laraba za mu shiga Dawanau da sassafe, ta sayi gero da waken suya, gyaɗar kuma na ce ta bari sai mun samu sabuwar bana mai ɓawo, mu ɓare da kanmu.