Sake haɗa injin Cummins 5.9 na Dodge Ram: inda kwalliya ta biya kuɗin sabulu

Injin da ake magana a kai shi ne Cummins 6BT mai lita 5.9, silinda shida a jere, bawul goma sha biyu, wanda kamfanin Dodge na Amurka ya saka wa a-kori-kurarsa ƙirar Ram 2500 da 3500 daga 1994 zuwa farkon 1998. Bakaniken da ya saba buɗe janareton Cummins ba zai ga baƙon abu ba, dangi ɗaya ne. Abin da ya sa masu neman ƙarfi suke rububinsa shi ne injekta-fam ɗinsa, wato famfon da ke tura gas zuwa nozul, Bosch P7100. Babu kwamfuta, komai da sifana ake daidaita shi. Daga kamfani ƙarfinsa doki 160 zuwa 215 ne, gwargwadon shekara da irin giyar motar. Burin wannan aikin doki 400 ko kusa da haka, a motar da za ta ja kaya kullum, ba ta filin gasa ba.

Kayan da aka gwada su ne cikakken kit na fistan, ring, metal da gaskit, sitod na kamfanin ARP (sanduna masu zare da ake ɗaure wa noti) a madadin bol ɗin tof-silinda, sifirin na bawul masu tauri, da sifirin na gwamna, na'urar cikin fam da ke taƙaita juyin inji. Hukuncin a taƙaice: ƙarfin injin nan daga fam yake fitowa, kuma arha gare shi. Kuɗin da ake kashewa wajen sauke inji, na hana shi tarwatsewa ne idan ƙarfin ya zo.

Saukewa ba wuya, nauyi ne kawai. Injin ya doshi rabin tan, ga tsawo, don haka ƙugiyar ƙananan motoci ba ta isa ba, a nemi mai ɗaukar tan biyu. A cire batir biyun, a zubar da ruwa da baƙin mai, a fitar da lagireto da intakula da ƙarfen da ya gitta a gaba, domin ta gaba injin zai fito, ba ta sama kai tsaye ba. Idan motar otomatik ce, a kwance bol ɗin konbata, abin da ke kai juyin inji ga giyar, tun kafin a raba inji da giyabos, in ba haka ba konbata za ta biyo injin, ta lalata sil da famfon giyar. Fayif ɗin nozul shida a toshe bakinsu nan take. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin P7100 ta fi duk wani kuskuren ranar tsada.

A wurin awo ne mutane suke yin gaggawa, kuma nan ne aka fi yin asara. Bulok ɗin 6BT ba shi da hannun riga irin na manyan tirela, silindar a jikin bulok take. Faɗinta milimita 102, tafiyar fistan milimita 120. Idan ta cinye, sai borin zuwa ƙarin milimita 0.5 ko 1.0. A sayi fistan tukuna, a kai wa mai borin, ya auna kowanne ya yi ramin daidai da shi. Wanda ya yi borin kafin fistan ya iso, ƙaddara yake bi. Fuskar bulok da ta tof-silinda a duba su da miƙaƙƙen ƙarfe da fila-geji. Idan an kankare fuskar bulok, fistan zai ƙara leƙowa sama, kuma wannan leƙowar ita ke faɗin kaurin gaskit ɗin da za a sa. Ana sayar da masu ƙarin kauri saboda haka. Tof-silinda kuma a gwada shi don tsagewa, musamman tsakanin mazaunin bawul da ramin nozul.

Akwai ƙananan abubuwa uku da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma kowanne yana iya kashe injin. Na farko shi ne ɗan fin ɗin ƙarfe da ke riƙe gidan giyar taimin a gaban bulok. Jijjiga tana turo shi waje a hankali har ya faɗa cikin haƙoran giya. In an yi sa'a ya wuce cikin kaskon baƙin mai, in ba a yi ba ya fasa gidan, mai ya tsiyaye. Sunan da Amurkawa suka laƙa masa yana nufin fin mai kisa. Maganinsa ɗan ƙarfe ne da ake ɗaurewa da bol ɗin da ke kusa ya danne kansa, a kuma sa gam ɗin zare a sauran bol ɗin gidan. Na biyu, 'yan bututun roba da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistan don sanyaya shi. Suna zaune a mazaunin metal ɗin karanshaf, tsufa yana sa su karye, fistan ɗin da ya rasa nasa kuma zai kama silinda. A canza duka shidan ko da sun yi kama da lafiyayyu. Na uku, oyil-sil na karanshaf: a bushe ake sa shi, ba a shafa masa mai. Wanda ya shafa don kyautatawa zai ga yoyo cikin 'yan kwanaki.

Sitod na ARP su ne abin da ya fi burge ni a duk kayan. Guda 26 ne. Bol ɗin kamfani ana murɗa shi ne cikin bulok yayin ɗaurewa, shi kuwa sitod yana zaune, noti ne ke jan sa, don haka matsin yana fita daidai kuma ya fi yawa. Amma ba a buɗe kwali a ɗaura kawai ba. Guda shida masu tsawo suna ratsa kujerar roka, kuma sai an kankare kan kujerar da kusan milimita 5, in ba haka ba murfin bawul ba zai zauna ba. Ramukan bulok a wanke zarensu, a busa iska har ƙasa, domin mai ko ruwa da ya maƙale a ciki yana ba sifanar awo ƙarya. Sitod da hannu ake shigar da shi. Noti kuma a shafa masa man da ya zo a kwalin, a ɗaure daga tsakiya zuwa waje a zagaye uku, har fam-ƙafa 125, wato kusan Nm 170. Da baƙin mai maimakon nasu man, lambar nan ba ta da ma'ana.

Gaskit ɗin tof-silinda kada a yi arha a kansa. Na cikin wasu kit marasa suna ya fi kyau a ajiye shi a sayi na asali.

Tun da inji yana kife a kan teburi, lokacin duba kamshaf da tafet ke nan, saboda tafet ɗin 6BT, wato ƙarafunan da kamshaf ke turawa don buɗe bawul, ta ƙasa suke shiga, sauya su a cikin mota azaba ce. Tsohon tafet ya koma raminsa na da, sabon kamshaf kuma sai da sababbin tafet da man haɗi mai kauri. Gaskit ɗin murfin tafet yana bayan injekta-fam, a canza shi yanzu ko a sake sauke fam daga baya saboda ɗigon mai.

Sai fam. Giyar P7100 ba ta da ki, a kan sanda mai tsini take zaune, matsi kaɗai ke riƙe ta. A wanke tsinin da ramin giyar su bushe ƙayau, a ɗaure notin Nm 195. Ɗan maiƙo ya rage, taimin zai zame baya, motar ta fara farin hayaƙi da wuyar tashi da safe, mai ita ya yi ta zargin nozul. Taimin kamfani yana wajen digiri 12 zuwa 14. Digiri 16 ya dace da motar aiki. An fi samun sa daidai da agogon awo a kan fulanja ta ɗaya, ba da ɗan fin ɗin roba na bayan gidan giya ba, wanda ma karyewa yake yi idan aka manta shi a ciki aka juya inji. Sifirin gwamna na juyi 3,000 a minti ya canza halin motar fiye da komai, domin na kamfani yana fara janye mai tun kafin juyi 2,500, daidai lokacin da ake son wuce babbar mota. Na 4,000 sai da sifirin bawul masu tauri, masu matsin fam 60 na awon nauyi, in ba haka ba bawul zai yi iyo ya gaisa da fistan. Ga motar jan kaya ban ga amfaninsa ba.

Manyan nozul su ne kuɗin da zan ce a riƙe. Tarbo ɗin Holset HX35 na kamfani, da ya wuce psi 35 zuwa 40, iska mai zafi kawai yake turawa. Ƙara mai a kan haka baƙin hayaƙi ne da zafi. Kafin a taɓa farantin mai na fam, wanda ke iyakance yawan gas ɗin da yake turawa, a sa agogon zafin hayaƙi a manifol, gaban tarbo, kuma kada a zauna sama da digiri 675 na Salsiyas a kan hawa. Fistan alminiyam ne, ba ya jure zafi mai yawa.

Gibin bawul a sanyi: na shiga milimita 0.25, na fita 0.51. Fistan na ɗaya yana sama a bugun matsi, a daidaita na shiga 1, 2, 4 da na fita 1, 3, 5, a juya karanshaf zagaye guda a yi sauran. Baƙin mai 15W-40, lita goma da 'yan kai har da filta. A cika hanyoyin baƙin mai kafin tashin farko ta hanyar juya inji da kik ba tare da gas ba, har agogon baƙin mai ya motsa. Bayan ya tashi kada a bar shi yana silo na sa'o'i, ring ba zai zauna ba, silinda ta yi santsi, ya riƙa shan mai har abada. A fita da shi a ɗora masa kaya matsakaici, a juye man da wuri, a sake duba sitod da gibin bawul bayan ya yi zafi ya huce 'yan lokuta.

A kan hanya injin ya yi abin da aka nema: yana ja tun daga ƙasa, ruwa ba ya raguwa, babu kumfa a lagireto. Sai dai matsalar ta koma baya. Faifan kuloc na kamfani ba ya riƙe doki 400, giyar hannu NV4500 kuma an san ta da kwancewar notin giya ta biyar, ita kuwa otomatik 47RE konbata ce ke fara zamewa. A sa kuɗin kuloc ko konbata a lissafi tun ranar farko, a ɗaura su kafin a mayar da injin cikin mota.