Matsalar aiki ko sakacin likita? Amsa kan tiyatar rage ƙiba

Hajiya, kin ce an yi wa ƙanwarki aikin rage ƙiba a ƙasar waje, ta dawo Sakkwato da zazzaɓi, daga baya hoto ya nuna ɗinkin tumbinta yana yoyo, kina tambaya ko ƙaddara ce ko sakaci. Allah ya ba ta lafiya. Komai da ƙaddara yake faruwa, amma wajen neman haƙƙi, matsalar aiki daban, sakaci daban.

Matsalar aiki ita ce wadda kan auku ko da likita bai yi kuskure ba. A aikin yanke tumbi ana cire kusan kashi 80 cikin 100, a kulle bakin sauran da 'yan ƙarafunan ɗinki. A jikin wasu kaɗan wurin kan ɓule, abin da ke cikin tumbi ya tsiyaya cikin ciki, ko a hannun ƙwararre. Haka zubar jini, da gudan jini da kan taso daga ƙafa ya toshe huhu, da ƙwannafi, da ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin B12 daga baya. Yoyon shi kaɗai ba ya kama likita da laifi.

Sakaci kuwa yana cikin abin da aka yi, ko aka ƙi yi, bayan alamu sun bayyana. Yoyo yana da masu shela: bugun zuciya ya haura 120 a minti, zazzaɓi, numfashi sama-sama, ciwo a ciki ko a kafaɗar hagu. Likitan da ya ga waɗannan wajibinsa ne ya ɗauki hoto ko ya sake duba cikin, ba tare da jinkiri ba. In ya ce zafin aiki ne kawai, ya sallame ta don kada jirgi ya tashi ya bar ta, to ga inda hujjarku take. Yawancin ƙararrakin irin wannan tiyata a kan jinkirin gano matsala suke tsayawa. Wani sakacin da ke ƙona mini rai shi ne a bar mara lafiya tana amai makonni ba a ba ta bitamin B1 ba, har ƙwaƙwalwa ta taɓu, alhali allura ce mai araha.

Sai inda za a kai kuka. Da a gida aka yi aikin, hanya biyu ce. Majalisar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, tana bincike, tana iya dakatar da likita ko ta soke sunansa daga rajista, amma ba ta biyan diyya. Diyya sai babbar kotu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta wajabta a bayyana wa mara lafiya haɗarin aiki kafin ya amince. Likitan waje kuwa MDCN ba ta da iko a kansa. Dokar ƙasarsa za a bi, da lauyan can, da kuɗin can, dillalin da ya haɗa tafiyar kuma sau da yawa a lokacin yake daina ɗaukar waya.

Yanzu dai jinyarta ce gaba. Amma tun yau ku rubuta wa asibitin can ku nemi rahoton tiyata, takardar sallama, da takardar da ake rubuta bugun zuciya da zafin jikinta. Ku adana saƙonnin WhatsApp, ku karɓi rahoton likitocin nan da suka gano yoyon. Shigar da ƙara yana da wa'adi, don haka ku ga lauya da wuri.