Neman madadin Amaryl da Glucophage a wani kantin magani a Agege

Mahaifina ya shekara bakwai yana fama da ciwon suga, kuma magunguna biyu likita ya ɗora shi a kai, wato Amaryl mai miligiram 2 da Glucophage XR mai miligiram 500. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sannan kamfanin Sanofi mai yin Amaryl ya sanar a ƙarshen shekarar cewa zai miƙa rarraba magungunansa a Najeriya ga dillali, kuɗin maganin wata guda ya zama abin da sai an zauna an yi shawara a gidanmu. Wannan ne ya kai ni wani kantin magani a Agege, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, domin in bincika ko akwai irinsu marasa sunan babban kamfani.

Yaron da ke kan kanta ya ɗan leƙa takardar likita ya ce babu, ko kwamfutar da ke gabansa bai taɓa ba, kuma a ganina wannan ne babban aibin wurin. Sai da na nace a kira mini mai harhaɗa magunguna, na kuma jira kusan rabin awa, sannan aka yi mini aikin da ya kawo ni.

Ita kam ta san aikinta. Ta juya tsohon kwalin da na zo da shi, ta ɗora yatsa a kan ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin sunan, ta ce Amaryl sunan kasuwa ne, ainihin maganin glimepiride ne. Ta ɗauko na wani kamfanin Indiya mai ƙarfi iri ɗaya, ta nuna mini lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsa, kuma farashinsa ya yi ƙasa sosai. Ta ƙara da cewa duk kwalin da ke da wurin kankarewa in tura lambarsa ta tes kafin in fita domin in tabbatar ba jabu ba ne, tsarin da aka soma a 2010, kuma da Glucophage ɗin ma aka fara gwada shi.

Inda ta fi burge ni shi ne inda ta ƙi sayar mini. Suna da metformin gama-gari, wanda shi ne sinadarin Glucophage, amma ta ce XR ƙwaya ce mai sakin magani a hankali, yawanci sau ɗaya ake sha da abincin dare, alhali gama-garin ana raba shi sau biyu ko uku kuma ya fi damun ciki. "Malam, kada ka canza wa Baba wannan sai likitansa ya sani," in ji ta.

Na kira likitan daga nan, ya amince da glimepiride, ya ce a riƙa awon suga kowace safiya. Metformin mai sakin a hankali kuwa ta yi alkawarin zai iso ranar Alhamis, amma sai Asabar na same shi, bayan na yi sawu biyu.