Saƙo daga Washington: wuni guda a Majalisar Dattawan Amurka

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki na gida. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yau ba farashin shinkafa ko kuɗin haya zan kawo muku ba. Akwai wata hidima da gwamnati ke yi wa jama'a a nan wadda ba a cika lissafa ta ba, wato yadda talaka ke iya sanin abin da sanatansa ya yi jiya. Tunda daga tsarin Amurka muka kwaikwayo namu a 1979, ya dace mu auna su biyun a mudu ɗaya.

Sanatocin nan 100 ne, biyu daga kowace jiha, wa'adinsu shekara shida, kuma duk bayan shekara biyu ake zaɓen kashi ɗaya cikin uku. Jihar Wyoming da mutanenta ba su kai 600,000 ba tana da biyu, California mai kusan miliyan 39 ita ma biyu, kamar dai yadda Kano da Bayelsa ke da uku-uku cikin 109 ɗinmu. A wuri ɗaya mun fi su ƙarara: Abuja tana da sanata, amma mazaunin birnin Washington yana biyan haraji ba shi da kowa a wannan zaure.

Shiga kallo kyauta ne. Ana bi ta cibiyar baƙi da ke ƙarƙashin ƙasa a gabashin Capitol, wato ginin majalisar dokoki, wadda aka buɗe a 2008. Ɗan ƙasa yana karɓar katin shiga barandar 'yan kallo daga ofishin sanatan jiharsa, baƙo kuma ya nuna fasfo a teburin Majalisar Dattawa da ke cikin cibiyar a ba shi nasa. Ba a tambayar wa ka sani, ba a neman wasiƙar kowa. Kafin a hau barandar za a karɓi waya da kyamara da jaka a ajiye maka, abinci da ruwa kuwa tun daga ƙofar waje aka hana. Tafi ko ihu a ciki, masu gadi su fitar da mutum nan take. Wanda bai iya zuwa ba, tashar C-SPAN2 tana nuna zaman kai tsaye daga farko har ƙarshe tun 1986, shafin majalisar ma yana nunawa. Idan sun buɗe da ƙarfe goma na safe, a Najeriya da Nijar ƙarfe uku ne na rana lokacin zafinsu, huɗu lokacin sanyi.

Abin da zai fara ba ɗan gida mamaki shi ne kujerar shugaba. A tsarin mulki Mataimakin Shugaban Ƙasa ne shugaban wannan majalisa, amma ba ya zuwa sai da dalili, ba ya kuma jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Kamala Harris ta raba irin wannan gardama sau 33 a shekara huɗu. Mai riƙon ƙwarya shi ne wanda ya fi daɗewa a jam'iyya mai rinjaye, tun Janairun 2025 Chuck Grassley na Iowa, shi ma ba ya wuni a kai. Sababbin sanatoci ake jerawa su yi karɓa-karɓa, kowa kamar awa guda, ga masanin dokokin zaure zaune ƙasa da shi yana raɗa masa abin da zai faɗa. Ba su da sandar majalisa irin tamu da aka taɓa sungumewa a Afrilun 2018. Abin da ke gaban shugaba wata 'yar guduma ce ta hauren giwa marar ƙota, wadda Indiya ta ba su a 1954 bayan tsohuwar ta fashe a hannun Richard Nixon. A gida wuƙa da nama suna hannun mai guduma: shi ke zaɓar wanda zai yi magana, shi ke yanke hukunci. A nan dole mai kujera ya ba wanda ya fara neman izini, sai dai shugaban masu rinjaye yana gaba da kowa. Wannan fifikon kaɗai shi ne ƙarfin John Thune, wanda ya zama shugaban masu rinjaye a Janairun 2025, don da shi yake tsara abin da za a tattauna.

Ana buɗe zama da addu'ar limamin majalisa, sai mubaya'a ga tuta, sai jawaban shugabannin jam'iyyun biyu. Daga nan a shiga abin da suke kira harkokin safe, ko da kuwa da yamma ne, inda kowane sanata zai iya magana yawanci har minti goma kan duk abin da ya ga dama. A nan mai kallo zai sha mamaki na biyu: zauren fayau. Tebura ɗari na katako a jere, amma mutum ɗaya ne tsaye yana jawabi da allon hoto a gefensa, sai mai kujera, sai akawuna, sai yara 'yan aike masu shekara 16 zuwa 17 zaune a matakala cikin shuɗin kaya. Sauran suna kwamitoci ko ofisoshinsu a gine-ginen Russell, Dirksen da Hart, ko suna neman kuɗin yaƙin zaɓe a waya. Majalisar ce ke riƙe da kyamarorin, shi ya sa talabijin ke nuna fuskar mai magana kawai ba kujerun da babu kowa ba. Kada wanda ya ga zaurenmu rabi-rabi ya ɗauka a nan cike yake. Ta fuskar zama a saurari juna, namu ma ya fi rai.

Akwai kuma wata dabara da ke ruɗa baƙo. Doka ta ce sai mutum 51 sun hallara zama ya inganta (namu kashi ɗaya cikin uku ne), amma ana ɗauka sun cika matuƙar ba wanda ya ƙalubalanta. Idan ba mai magana, sai sanata ya ce yana zargin ba a cika ba, akawu ya kira suna na farko ya yi shiru, ya jima ya kira na biyu. Ba ƙidaya yake ba, ɓata lokaci ne da gangan domin shugabanni su daidaita a bayan fage. Yana iya kai rabin awa ko fiye. Da an shirya, wani ya miƙe ya nemi a janye kiran, a ci gaba.

Makonsu ma gajere ne kamar namu. Yawanci ƙuri'ar farko ƙarfe biyar da rabi ce na yammar Litinin don jiragen sama su sauke mutane, ran Talata a tashi daga sha biyu da rabi zuwa biyu da kwata kowace jam'iyya ta ci abinci a ɗakinta ta ƙulla shawara, Alhamis da rana kuma kowa ya nufi filin jirgi.

Inda bambancin yake na gaske shi ne lokacin ƙuri'a, kuma a nan nake so a tsaya. Tsarin mulkinsu ya ce idan kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda ke zaure suka nema, dole a rubuta sunan kowa da abin da ya zaɓa. Shugaba ba shi da ikon hanawa. Sai ƙararrawa ta kaɗa sau ɗaya a duk gine-ginen, fitila ɗaya ta kama a jikin agogon bango. Sanatoci su taso daga ofisoshi, su shiga ƙaramin jirgin ƙasa da ke bi ta ƙarƙashin titi. Lokacin da aka ware minti 15 ne, kuma idan ya rage rabi ƙararrawa ta kaɗa sau biyar. Babu na'ura, babu maɓalli. Akawu yana kiran sunaye bisa jerin haruffa, sanata ya zo gaban tebur ya ɗaga yatsa sama ko ƙasa, akawu ya maimaita da ƙarfi: wane, eh, wance, a'a. Matsalar ita ce minti 15 ɗin ba ya tsayawa a 15. Shugaban masu rinjaye yana iya barin ƙuri'a a buɗe awa guda ko fiye, ana jiran wanda jirginsa ya makara ko ana lallashin mai taurin kai. Amma da an rufe, ba a jima ba sakamakon zai hau shafin majalisar: jiha-jiha, suna-suna, har da wanda bai zo ba. Irin wannan jerin yana nan a intanet tun daga na 1989.

Ku tuna 20 ga Maris 2025, da majalisarmu ta amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas. Sashe na 305 na tsarin mulkinmu ya nemi kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisa, amma da murya aka yi, masu eh suka ce eh, guduma ta sauka. Ta yaya kunne zai auna kashi biyu cikin uku? Mutumin Funtuwa ko Azare ba shi da takardar da zai duba ya ga ina sanatansa ya tsaya. Kuma ba wai ba mu iya ba ne. A Yulin 2021, kan batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura, Sanata Enyinnaya Abaribe ya dage aka kira suna ɗaya-ɗaya, aka samu 52 da 28, washegari jaridu suka buga sunayen, jama'a suka yi ta tuhumar wakilansu. Abin da muka yi ranar a matsayin abin mamaki, shi ne abincin yau da gobe a nan, sau ɗaruruwa a shekara.

Rubuta zaman ma sana'a ce mai zaman kanta. Za ka ga mutum da 'yar na'urar gajeren rubutu rataye a wuya yana bin mai magana, bayan minti 15 wani ya karɓe shi, ya fita ya mayar da nasa cikakken rubutu. Cikin dare maɗaba'ar gwamnati ta haɗa komai, da safe mujallar Congressional Record ta fito, kamar yadda take fitowa tun 1873. Kyauta ce a intanet, ana neman suna ko kalma. Tana da nata aibu: sanata na iya miƙa jawabin da bai karanta ba a saka masa, sai dai ana yi wa irinsa alama.

Kada a ɗauka ba sa amfani da murya. Da yamma kafin a tashi, sanata ɗaya zai tsaya ya karanto ƙudurori da naɗe-naɗe a jere cikin 'yan mintoci, kowanne ya ce yana neman amincewar kowa, mai kujera ya ce ba mai ja, shi ke nan ya wuce. Sirrin shi ne an riga an aika wa ofisoshi ɗarin sanarwa, kuma mutum ɗaya tak ya isa ya hana. Wannan kariya ce, kuma ita ce cutar. A 2023 Sanata Tommy Tuberville na Alabama shi kaɗai ya tare ƙarin girman manyan hafsoshin soja sama da 400 na kusan wata goma, saboda saɓaninsa da wata manufar ma'aikatar tsaro.

Babbar cutar kuwa ita ce 60. Ba a iyakance wa sanata tsawon magana ba. Cory Booker ya yi awa 25 da minti 5 a tsaye a 2025. Don a rufe muhawara kan doka, sai sanatoci 16 sun sa hannu a takarda, a tsallake wuni guda na zama, sannan a samu ƙuri'a 60, bayan haka ma akwai sauran awa 30 na magana. Tunda jam'iyya ba ta cika samun 60 ita kaɗai ba, doka mai goyon bayan 55 tana iya mutuwa ba tare da an taɓa jefa ƙuri'a a kanta kanta ba. Wannan ne ya rufe gwamnati kwana 43 daga 1 ga Oktoba 2025: ma'aikata ba albashi, jirage na soke tashi, tallafin abinci na masu ƙaramin ƙarfi ya shiga rububi. Naɗin muƙamai ne kawai aka sassauta, rinjaye mai sauƙi ya isa tun 2013, na alƙalan Kotun Ƙoli tun 2017. Tantancewar tasu dai ba ta "rusuna ka wuce" ba ce, akwai tambayoyi a kwamiti da wasu a rubuce.

Batun kuɗi, albashin sanata dala 174,000 ne a shekara, bai motsa ba tun 2009, shugabannin jam'iyyu 193,400. Kuɗin gudanar da ofis ba ya shiga aljihunsa, kuma sau biyu a shekara ake buga rahoton da ke nuna albashin kowane ma'aikacinsa da kowace tafiya. Mu sai da Sanata Shehu Sani ya fasa ƙwai a 2018 muka ji zancen naira miliyan 13.5 da kowane sanata ke karɓa a wata a matsayin kuɗin gudanarwa. Ayyukan mazaɓu su ma suna da irinsu, sun dawo da su a 2021, da sharaɗin kowane sanata ya wallafa abin da ya nema, nawa ne, kuma don wa. Gaskiya kuma sanatan nan ba ya tashi ya tarar da layin masu neman ragon suna da kuɗin asibiti a ƙofar gida. Nasa nauyin na masu ba da kuɗin yaƙin zaɓe ne, kuma ba ƙarami ba ne.

Ga 'yan'uwa masu dangi a nan, akwai hidima ɗaya da ya kamata a sani. Kowane sanata yana da ofisoshi a jiharsa da ma'aikatan da aikinsu bin kadin koken jama'a ne. Idan takardar zama ko bizar mata da 'ya'ya ta maƙale fiye da lokacin da hukuma ta ɗiba, mazaunin jihar zai cike fom na ba da izinin duba bayanansa, ya sa hannu, ya haɗa da lambar rasit ɗin takardar, ofishin ya tuntuɓi hukumar shige da fice ko ofishin jakadanci. Ba sa iya tilasta a amince, ba sa kuma tsallakar da kai layi sai da hujja mai ƙarfi kamar rashin lafiya. Suna dai samo amsa a rubuce. Abin da ke ɓata irin wannan koke yawanci biyu ne: a aika wa sanatan jihar da ba a zaune a cikinta, ko a manta sa hannu a fom ɗin. Ba a biyan ko sisi, don haka duk wanda ya ce a turo masa kuɗi zai kai maganar ga sanata, a guje shi.

A gaida mutanen gida baki ɗaya. Wassalam.