Abincin rana na Indiyawa a rumfunan abinci na Deira, Dubai

Ga ɗan kasuwar da ya zo saro a Deira, mai rabin awa kacal tsakanin wannan shago da wancan, farantin da Indiyawa ke kira thali shi ne mafi dacewa a rumfunan abincin da ke cikin manyan cibiyoyin kasuwanci. Faranti ɗaya ne mai ɓangarori: shinkafar basmati, miyar dal ta ƙananan wake, miyar kaza, ɗan ganye ko dankali, kindirmo mai kokwamba da suke kira raita, da burodin naan guda. Na ci shi a wata rumfa a can, kuma na gamsu, amma da sharaɗin lokaci.

Lokaci shi ne komai a nan. Miyar ba a dafa ta don kai. Tun safe ake yinta, a zuba cikin tasoshin ƙarfe da ke kan ruwan zafi. Daga ƙarfe 12 zuwa 1:30 jama'a na da yawa, tasa na ƙarewa ana sake cikawa, abinci sabo ne. Bayan 2:30 kuwa mai yakan taso saman miyar kaza, gefenta ya daskare, shinkafa ta bushe daga sama. Duba tasar kafin ka nuna da yatsa. In ka ga ɓawo a bakinta, wuce.

Naan ya fi komai saurin lalacewa. Ana manna ƙullun a jikin tandur mai tsananin zafi, kamar yadda ake gasa gurasa a tanderu, minti biyu ya isa. Da zafinsa yana da laushi da ɗigon ƙuna baƙi-baƙi. In ya jira minti goma a kwando sai ya zama danƙo. Ka ce a gasa maka sabo. Jiran bai kai minti uku ba, kuma ya cancanta.

Miyar kazar da aka yi da tumatur, man shanu da kirim ba ta da yaji sosai, har ma tana da ɗan zaƙi, abin da ba kowane bakinmu ke so ba. Ƙamshin ganyen hulba da ake barbaɗawa a ƙarshe shi ke ɗaga ta. Naman kaɗan ne, yanka huɗu ko biyar. Dal ce ta fi burge ni: kurkum, tafarnuwa da busasshen barkono an soya su a mai an kwarara a kai, suna cuuu har gabanka.

Biryani a irin wannan wuri sai an yi hattara. Na gaske ana jera shinkafa da nama hawa-hawa a rufe tukunya su turara tare, don haka ƙwayoyin za su fito wasu fari, wasu ruwan ɗorawa. In launinta ɗaya ne duka, mai yiwuwa an gauraya shinkafa da miya ne kawai.

Achar, wato mangwaro mai tsami da gishiri, a ɗanɗana da bakin cokali. In yaji ya kama ka, raita ko lassi, wato damammen kindirmo na sha, ke kashe shi, ruwa ba ya yi. Wanda zai koma kasuwa ya rage shinkafa, don man shanu da kirim suna saukar da kasala.